Ranar da Tulun Stoycho Ya Yi Tsartuwa

Kurangar inabi ɗaya tak muke da ita, wadda ta hau rumfar tsakar gida, amma idan ka ji mijina Stoycho yana maganarta sai ka rantse gona ce da shi a bayan gari. Bana tsuntsaye suka ci rabi, zanzaro ya ci rabin abin da ya rage. Sauran ya tsira ne don Stoycho ya kwashe dogayen safunana ya sa wa kowane nono na inabi riga. Na fito shanya na tarar da safata ta zuwa coci tana lilo a sama.

Da ya tsinke, bokiti bai cika ba. Ya matse da hannu, ya ɗura ruwan a tulun gilashi don ya zama giya, ya rufe bakin da safar hannu ta roba. Kwana kaɗan safar ta kumbura ta miƙe yatsu biyar. Ɗakin girkina ya zaɓa, wai nan ne ke da ɗumi. Ga warin tsami, ga ƙananan ƙudaje har cikin miya.

Ranar Lahadi iyayen saurayin 'yarmu Nevena za su zo a tsayar da ranar aure. Na ce, "Maigida, ka fitar mini da wannan abin kafin baƙi su zo."

"Fitar da shi? Velichka, sanyi zai kashe shi!"

"To, ni warin zai kashe."

Bai fitar ba. Ya cire safar, ya danna toshiya da ƙarfi, ya tura tulun ƙarƙashin tebur. Wari kam ya ɗauke.

Baƙi suka zo har da saurayin, muka zauna a teburin nan na ɗakin girki. Uban yaron, Gencho, ƙato ne mai gashin baki. Matarsa Radka ta sha farar riga mai aikin hannu. Na kawo cuku da gasasshen tattasai, an fara gaisuwa ke nan, sai muka ji fau! Toshiyar ta daki katakon tebur, jan kumfa ya yi tsartuwa ta gefe, ya wanke Radka tun daga cinya har haɓa. Nevena ta rufe fuska ta fice, saurayin ya bi ta.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina ba da haƙuri, ina neman tsumma, sai na ga Gencho ya dangwala yatsa a hannun rigar matarsa ya lasa.

Ya ce, "Ba ka sa sukari ba."

Stoycho ya miƙe. "Sukari? A gidan nan? Ai ba shayi nake dafawa ba."

"Shi ya sa ba shi da ƙarfi. Wannan ko akuya ba zai bugar ba."

"Naka da ake sha kai ya yi kamar ya rabe fa?"

"Ka taɓa sha?"

"Na ga fuskarka, ya isa."

Ba wanda ya kalli Radka, tana zaune ruwa na ɗiga daga haɓarta. Na ja hannunta muka fita famfo, na ba ta rigata, na barbaɗa wa tata gishiri ina cuɗawa.

Ta ce, "Bari kawai, 'yar'uwa. Nawa mijin a banɗaki yake ajiye tulunsa. Duk kaka a gidan ƙanwata nake wanka."

Nan bakin famfo muka tsayar da rana, Asabar ta biyu bayan bikin Ista, muka raba wa zai yi girki, wa zai nemo makaɗa. Jan bai fita daga rigar ba.

Da muka koma muka same su durƙushe, suna tsiyaye ɗan abin da ya rage cikin kwalba ta tsumman tace madarata. Na faɗa musu an sa rana. Stoycho ya ce madalla, ko ɗagowa bai yi ba. Gencho kuwa ya ce baɗi zai kawo inabinsa a haɗa, a yi tulu biyu, ɗaya da sukari ɗaya babu, a ga wanda ya iya.

Na ce, "A ina za a ajiye?"

Radka ta ɗauki jakarta da sauri ta ce, "Naku ɗakin girkin ai ya fi ɗumi."