Sunan da Ba a Gogewa

"Ko na'ura tana da haƙƙin sanin wanda ke shugabantarta." Elhaji Hashimu ne ya faɗi haka a taronsa na farko, bayan an naɗa shi dirakter na wani purojen rigakafin dabbobi a Dakoro. Ba wanda ya yi dariya. Har ma wani ya rubuta.

Biron, wato ofishin, yana da kwamfuta biyar, waɗanda ake ce wa ordinater, dukansu suna ajiye aiki a cikin babbar na'ura guda da ake kira serber. Idan mutum zai shiga, sai allo ya nuna masa sunan wanda ya shiga a ƙarshe. A teburinsa, Elhaji ya tarar da sunan Mansura, mai shigar da lissafin shanu da awakin da aka yi wa allura. Ya aika a kira Nu'man, mai kula da na'urorin.

"A teburina, na'ura ta tarbe ni da sunan ma'aikaciya?"

"Shef, gogewa ake yi, kowa ya sa nashi," in ji Nu'man.

"Ban zo Dakoro goge-goge ba. Ka sa nawa. A dukansu."

Washegari allo biyar suka farka da sunan Hashimu. Sai dai kafin mutum ya rubuta nasa, dole ya share na Elhaji, harafi bayan harafi. Abdoulaye mai kula da sito ya gwada. Ya cinye haruffa uku ke nan sai ya ji murya a bayansa.

"Abdoulaye, tun yanzu ka gaji da ni?"

Abdoulaye ya mayar da haruffan ukun da sauri. Daga ranar ba wanda ya ƙara gwadawa. Don kada aiki ya tsaya, Elhaji ya yi karamci, ya sa aka liƙa kalmar sirrinsa a bango, ƙarƙashin kalanda. Kowa ya dinga shiga da sunansa.

Mansura ce kaɗai abin ya dama, domin kontararta ta aiki za ta ƙare a Disamba, kuma da aikin da aka gani ake sabuntawa.

"Malam Nu'man, serber ɗin nan yana rubuta wanda ya yi aiki?"

"Yana rubutawa."

"To in ni na yi, wa yake rubutawa?"

"Wanda ya ga sunanshi. Ki yi haƙuri, ƙanwata, ni wayoyi na iya."

Bayan wata shida Madam Lailatu ta zo daga babban biron purojen a Maradi, da umarnin rage ma'aikaci ɗaya. Direba yana da motarsa, Abdoulaye yana da sitonsa, kowa na ganin aikinsu. Aikin Mansura kuwa duka yana cikin serber. Madam ta sa aka fitar da jerin wanda ya yi me, ta gyara tabarau.

"Elhaji, takarda dubu huɗu da ɗari uku, kai kaɗai! Har ranakun da kake taro a Yamai. Ban taɓa ganin dirakter irinka ba."

"Haka aka tarbiyyantar da mu, Madam," in ji Elhaji, yana sunkuyar da kai. Ga dukan alamu shi kansa ya yarda shi ya yi aikin.

"Ita kuma Mansura, tun watan Yuni ba ta taɓa komai ba."

Mansura ta dubi Nu'man. Nu'man ya duƙufa yana kwance wata waya da ba ta ƙulle ba. Shi ma kontararsa a Disamba take ƙarewa.

Ranarta ta ƙarshe, Mansura ta ƙarasa shigar da takardun garin Adjekoria, don kada makiyayan can su rasa allura ta biyu. Sannan ta shiga wurin Elhaji neman takardar shaidar aiki.

"Ɗiyata, kin san ni ba na ƙarya a rubuce," ya ce da tausayawa. "Zan sa cewa kina da ladabi kuma ba ki latti. Batun aiki kuwa, kin ji abin da na'ura ta ce."

"Na gode, Elhaji."

Ta durƙusa ta karɓa, ta ɗauki kofin shayinta da ƙaramar fankar da ta zo da ita daga gida, ta fita bakin titi tana jiran kabu-kabu.