Ramar Malam Ɗanasabe

"To ki ɗauke shi da ƙarfi mana, tunda kin fi ni son sa," in ji Zaharaddeen.

"Yaya, kumburin ƙafar Baba ya haura gwiwa. Mai Keke Napep na ƙofar gida tun hantsi," Barakatu ta ce da wanta.

Daga kan tabarma mahaifinsu, Malam Ɗanasabe mai tufkar igiya, ya ɗaga yatsa. "Ba inda za ni sai an tsamo ramata. Yau kwananta tara a kududdufi. Ta ƙara kwana, ta ruɓe."

Duk Maska an san taurin kan tsohon nan. Kwaɗon rama ne abincinsa, ruwan dahuwarta ne maganinsa. Mata na cewa ko kunama ce ta harbe shi, rama zai ce a dafa.

"Baba, don Allah. Asibitin Funtua ne kawai. Rama ce fa."

"Igiyar makarar masallaci ta cinye. Ranar jana'izar Almustapha saura kaɗan a kayar da shi a hanya. Ni na ɗaure ta, ni zan sake."

Zaharaddeen ya dubi farar shaddarsa, ya ce shi kam ba ya shiga wannan ɗoyin. Barakatu ta ci ɗamara ta fita da gudu. Ta shiga ruwan har ƙugu, ta ture duwatsun da aka danne dammunan da su, ta janyo ɗaya bayan ɗaya. Tana ɓare ɓawon tana kuka. Mai keken ya gaji ya yi gaba.

Da la'asar ta ɗora wa tsohon jiƙaƙƙen zaren a ƙirji. Ya shinshina, ya ja sili ɗaya, bai tsinke ba.

"Ta nuna," ya ce.

"To mu tafi, Baba. Zan nemo wani keken. Baba?"

Ashe rai ya yi halinsa.

Ana cikin yi masa wanka liman ya aiko tambaya, ko akwai igiya a gidan. Barakatu ta zauna bakin murhu, ta shiga murza zaren a cinyarta yadda ta saba gani.

"Da ba ki biye masa ba, da yanzu yana gadon asibiti," in ji Zaharaddeen, shi da ko ƙafarsa bai jiƙa ba.

"Riƙe mini bakin nan, Yaya."

Ya dubi hannunta, ya juya ya fita, ya buga ƙyauren kwano. Sauran ramar da ke rataye a katanga ta ɗan kaɗa, tana ɗiga a ƙasa.