Adireshin Aro

Matar makanike ta ajiye wandunan a kan keken ɗinki ba tare da ta ɗaga ido ba.

"Ki ɗan rage masa ƙugu, Tela. Duk sun yi masa yawa."

Tela ta ɗauki ɗaya ta juya cikinsa. Ga zarenta nan a jiki, ragin da ta yi wa wandon bai ko tsufa ba. A layinsu ba a jiran likita ya yi bayani. Idan mace ta sake kawo wandon mijinta ragi, kowa ya san baƙon da ya shigo gidan. Sunansa ne dai ba a kamawa. "Ciwon nan" ake cewa, a kuma sassauta murya, sai ka ce ciwon daji yana laɓe a bayan ƙofa yana saurare.

"Yana cin abinci?"

"Ya kai cokali baki ke nan, sai ya ce ya tsaya masa a ƙirji."

Tela ta janyo mata kujera. "Zauna, ƙanwata, ki buɗe kunne. Gobe ki kai shi babban asibitin birni. Akwai wata taga da ake yankan kati, za su tambaye ki daga wace gunduma kike. Kada ki kuskura ki ce daga nan. Kina faɗa za su ce ki koma asibitin gundumarku ki karɓo takardar turawa. Likitan namu kuwa kin san shi, sai mai tsananin rabo ke ganin ƙurar motarsa. Kafin ki samu takardar, mijinki ya gama ƙarewa. Kina da wani a birni?"

"Akwai gwaggona."

"To daga yau gidanta gidanki ne. Ki haddace sunan layin da lambar gidan."

* * *

Ba Tela ce ta ƙirƙiro dabarar ba, ita ma koya mata aka yi, lokacin da mijinta mai walda ya fara ramewa. Mutum ne mai barkwanci, ko a gadon asibiti bai daina ba. Da ya ji adireshin da ta bayar, na gidan kawunta da ke tsakiyar birni, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tela, ki riƙa yi min magana da ladabi fa. Ni yanzu ɗan birni ne."

Ɗan birnin ya mutu kuwa. Aka ɗauko gawarsa aka tsallako gada da ita, aka binne shi a gundumar da ya sha ruwanta tun yana yaro.

Ruwan ne kowa ke zargi a zuci. Masana'antar jima da rinin fata tana can saman gari, kwatarta ta bi ta bayan gidaje ta zube a rafi. Yaran layin kan leƙa kwatar da safe su yi musun launin da za a rina ranar. Farin kaya idan aka wanke shi da ruwan rijiya, rawaya yake komawa. Amma rabin mazan gundumar can suke cin abinci, kuma ruwa dai dole a sha shi.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa ake aron adireshi, wanda ya fi takardar turawa ciwo. Mutanen birni sun fara cewa ciwon a jinin 'yan tsallaken gada yake, masu neman aure suka fara ja da baya. Tela kuwa 'ya ɗaya gare ta, mai koyarwa a firamare, wadda take tsokana da suna Malama. Wani yaron kirki daga birni, mai shagon gyaran waya, yana nemanta. Ranar da mahaifiyarsa ta tambayi abin da ya kashe uban yarinyar, Tela ta dubi tsabar idonta ta ce hawan jini ne.

* * *

Matasan gundumar suka yi ta kai kuka har gwamnatin jiha ta turo mutanenta. Aka taru a zauren makarantar su Malama, manya a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Wata likita ce ta zo, matashiya mai sanyin murya. Ta manna taswirar jihar a allo, kowace gunduma da launinta.

"Ja na nufin ciwon daji ya yi yawa," in ji ta. "Kore na nufin da sauƙi. Mun tattaro wannan ne daga asibitoci, bisa inda kowane majiyyaci ya ce yana zaune."

Ta ɗora sanda a kan tsakiyar birni, ja wur. Sannan ta gangaro da ita ta tsallake gada. Kore shar. A duk faɗin jihar babu gundumar da ta kai tasu lafiya.

Zauren ya kaure da hayaniya. Wani tsoho ya miƙe yana dogara sanda. "'Yar nan, maƙabartarmu ta cika har mun sayi gonar kusa da ita. Wane kore kuma?"

"Baba, ban ƙaryata ka ba," in ji likitar. "Amma ni abin da aka faɗa mana shi ne a hannuna. Ku taimake ni. Duk wanda aka yi ciwon nan a gidansa, ya ɗaga hannu. Hannu kawai. Zan koma in ce a sake bincike."

Babu hannun da ya tashi. Tela ta dubi matan da ke gefenta. Babu wadda Tela ba ta rage wa mijinta ko ɗanta wando ba, babu kuma wadda ba ta da budurwa ko saurayi a gida. Matar makanike, wadda ta binne nata mijin ba da jimawa ba, ta juyo tana kallon Tela, kallon mai jiran babba ya fara.

Tela ta ji hannunta ya fara motsi a kan cinyarta. Wallahi ta so ta ɗaga shi. Sai idonta ya kai taga. Mai gyaran waya na tsaye a waje, ya jingina da babur ɗinsa, yana jiran a tashi ya kai Malama gida. Ya hango ta, ya rusuna daga nesa yana murmushi.

Ta ɗora ɗaya hannun a kan wanda ya motsa, ta danne shi.

Likitar ta jira, ta sake jira. Sannan ta cire taswirarta ta naɗe. Ba a daɗe ba rediyo ya sanar cewa za a gina sabuwar cibiyar gwajin ciwon daji a tsakiyar birni, a kuma sabunta musu bututun ruwa. Masana'anta kuwa an wanke ta tas, har ta ƙara sabon ɓangare.

* * *

Da wata safiya Tela na zura zare a allura, Malama ta fito daga ɗaki da siket a hannu.

"Mama, in kin samu sarari ki ɗan rage min wannan. Sai zamewa yake yi, ina gaban allo ina riƙon ƙugu kamar mai shirin rawa."

Dariya take yi. Tela ba ta yi ba. Ta dubi wuyan 'yarta, ta ga ƙasusuwan da ta daɗe tana ƙin gani. Allurar ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ba ta ko neme ta ba.

"Tun yaushe abinci ke tsaya miki?"

Malama ta sunkuyar da kai.

* * *

Sabuwar cibiyar tana ƙamshin fenti. A ƙofa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa mazauna gundumar tsakiyar birni kaɗai ake karɓa kai tsaye, saura su zo da takardar turawa. A layin katin Tela ta ga fuskokin da ta sani, ga mai kanti na bayan gidansu, ga surukar matar makanike. Kowa ya kawar da kai, kamar ba a taɓa haɗuwa ba.

Malama ta riƙo gefen mayafinta. "Mama, ina cikin zauren nan ranar. Na ga hannunki." "Mu faɗi gaskiya ko sau ɗaya ne. Yaran ajina duk ruwan nan suke sha."

"In mun faɗa, gida za su mayar da mu neman takarda."

"Na sani."

"To ni ban haife ki don ki zama ta farko ba."

Layi ya kawo kansu. Ma'aikacin katin, dattijo mai tabarau, bai ɗago ba. "Gunduma?"

Tela ta ji yatsun 'yarta sun matse mata hannu. Ta tuna yaran da ke leƙen kwata da safe, ta ji kunya da baƙin ciki sun taso mata. Ta haɗiye su. Sannan ta faɗi sunan layin kawunta da lambar gidan, tiryan-tiryan, yadda ta koya wa mata da yawa.

Dattijon ya rubuta, ya dakata, ya sauke tabarau yana dubansu da tausayi.

"Ku ma? Kai, Allah ya kawo wa unguwar nan taku sauƙi. Hajiya, wai wane irin ruwa kuke sha ne a can?"

Tela ta karɓi katin. Suka samu benci suka zauna. Can Malama ta ce maƙogwaronta ya bushe. Tela ta buɗe jaka ta ciro gorar da ta ciko daga rijiyar gida da safe. Ta ɗaga ta a hasken taga, ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta buɗe murfin ta miƙa mata.