A Ƙofa, Rahmatu

"Ajiye wuƙar nan!"

Rahmatu ta zabura, wuƙar ta suɓuce ta faɗa cikin bahon ruwa. Baba Yuguda ne tsaye a bakin soro, ya dogara da sandarsa yana haki.

"Haba Baba, ko sallama babu?"

"Kafin in gama sallamar kin huda bututun gas. Shekara talatin ina gyaran firji a Kano, duk wanda aka kawo mini gawarsa, wuƙar girki ce ta kashe shi. Kin zare wuta?"

"Na zare."

"To kawo ruwan ɗumi a kwano ki sa ciki, ki bar ƙofar a buɗe. Ƙanƙara ba ta son faɗa, lallashi take so."

Jajibirin babbar salla ne. A duk ƙauyen nan da ke gefen hanyar Kunci, firji ɗaya ne tak, shi ne wannan da mijinta Abdussalam ya haɗa da sola a soron gidansu. Gobe kuwa duk mai layya a unguwar zai aiko da nama a ajiye masa. Shi ya sa ta tashi wanke shi tun da hantsi.

Baba Yuguda ya zauna a kan turmi yana ba da umarni kamar yana shagonsa na da. 'Yar kanwa a ruwa, ban da sabulu mai ƙamshi. A bi robar bakin ƙofa da tsumma, nan datti ke ɓuya. A janye shi daga jikin bango ya sha iska. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nasu. Tun da ciwon sukari ya cinye masa ido ya dawo gida, matarsa ta rasu, ɗansa guda Zaharaddini yana Kano. Kullum da safe zai lallaɓo, ta miƙo masa daga firji wani ɗan gwangwanin alewa da kwalaben allurarsa ke ciki, ya yi wa kansa a cinya, ya mayar mata.

Yau ma da ta gama goge-goge ta mayar da wuta, ya miƙo gwangwanin ya ce abin da yake faɗa kullum.

"A ƙofa, Rahmatu."

Ita dai wannan magana tana ba ta tausayi. A ganinta kara ce irin ta tsofaffi: ba ya son ya tare wa masu gida wuri, shi ya sa yake zaɓar lungun ƙofar firji, inda ko ruwa ba ya yin sanyin kirki.

Washegari soro ya zama mahauta. Hanta daga gidan liman, cinya daga gidan Iliyasu mai taki, kowa da ledarsa da alamarsa, wani ya ɗaura zare ja, wani tsinken tsintsiya. Kafin la'asar firji ya cika har ƙofa sai an danna da gwiwa. Da ta buɗe don ɗauko ruwa, sai ta ga jini ya tsiyayo daga wata leda ya jiƙa gwangwanin Baba.

Ranta ya ɓaci. Maganin bawan Allah a cikin jini? Ta wanke gwangwanin tas, ta naɗe shi a sabon ƙyalle. Ta buɗe gidan ƙanƙara na sama, ta fitar da ƙullin naman gidansu, nasu na kansu, ta ba shi wurin. Wuri mafi tsabta, mafi sanyi. Har wani daɗi ta ji a ranta.

Da safe ta tarar ruwan kwalbar ya daskare. Ta murza ta a tafin hannu har ya narke, ta mayar cikin gwangwani kafin ya iso. Shi kuwa idon da zai ga wani bambanci babu. Ya yi allurarsa, ya ce, "A ƙofa, Rahmatu." Ta ce, "To, Baba," ta mayar sama tana murmushi.

Haka aka yi kwana biyar.

Ƙishirwa ce ta fara. Ya shanye moɗa uku a tsaye, ya nemi ta huɗu.

"Baba, ko dai kilishi ake ci a ɓoye?"

"Da wane haƙorin? Naman sallar nan ne dai bai karɓe ni ba."

Ran na shida bai shigo ba. Ta jira har rana ta take, sannan ta ɗauki gwangwanin ta zaga. Ta same shi kwance a kan tabarma, leɓɓansa sun bushe sun tsage, numfashinsa na fita da wani irin wari mai zaƙi-zaƙi. Don gaggawa ba ta tsaya murza kwalbar ba. Ya laluba ya ɗauka, ya riƙe. Ya daɗe yana juya ta a cikin yatsunsa.

"Rahmatu."

"Na'am, Baba."

"A ina yake kwana?"

"A sama. Wurin ƙanƙara. Jini ne ya ɓata ƙofar, na ga bai kamata..."

"Tun yaushe?"

"Tun ran salla."

Ya rufe ido. Wata 'yar dariya ta kufce masa, mara daɗin ji.

"Na koya miki wuƙa, na koya miki kanwa. Wannan ɗaya ce ban taɓa gaya miki dalili ba. In ya daskare ya mutu, 'yar nan. Ruwa nake ta ɗura wa kaina."

 Ta durƙusa.

"Na ɗauka kara kake yi, Baba. Wallahi na ɗauka kara ce."

"Na sani. Tashi ki kira mijinki." Ya kamo bakin mayafinta. "Kuma wannan magana ta tsaya a ɗakin nan. Ƙauye ne. Ba za su ce kuskure ba."

Abdussalam ya samo mota, aka nufi asibiti a Ɗanbatta. Ta tsaya a bakin hanya tana kallon ƙafafunsa da suka leƙo ta tagar baya, babu takalmi. Kafin su wuce gonakin gyaɗa ya daina magana. Kwana ɗaya ya yi a can, washegari bayan azahar aka dawo da shi a naɗe.

Zaharaddini ya iso ana shirin sallar jana'iza, cikin farar shadda da mota mai baƙin gilashi. Shekara biyu yana cewa zai saya wa tsohon ɗan ƙaramin firji da sola, har Baba ya daina ba da labarin. Ranar sadakar uku ya shigo cikin gida gaida matan da ke zaman makoki, ya tsaya a tsakiyarsu ya ɗaga murya.

"Ina Rahmatu? Ku taya ni yi wa baiwar Allahn nan godiya. Abin da ta yi wa Baba, 'yar cikinsa sai haka. Ba don firjinta ba, da tuni mun rasa shi."

Mata suka ɗauka. "Allah ya saka miki." "Aljanna dai, Rahmatu." Inna Fadima, matar liman, ta dafa kanta ta ce, "Ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Ga shi bai rasa allura ko ta kwana ɗaya ba."

Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Ta buɗe baki. Ta dubi fuskokin nan da ke mata addu'a, ta san yadda za su koma kafin magariba, ta san abin da za a riƙa kiran 'ya'yanta da shi a bakin rijiya. Ta ji kamar har yanzu ana riƙe da bakin mayafinta.

"Amin," ta ce.

"Yauwa," in ji Zaharaddini, yana duba wayarsa. "Af, ko akwai ruwa mai sanyi? Baƙina na Kano ba sa iya shan na randa."

Ta tashi ta tafi soro.

Naman salla duk an kwashe, sai ƙarni da busasshen jini a kan shantoci. Ta zare wuta. Ta aika musu da ruwan, ta ɗora nata a murhu, ta jefa 'yar kanwa. Ta sa kwanon ruwan ɗumi a gidan ƙanƙara ta bar ƙofar a buɗe, ta bi robar da tsumma lungu-lungu. Daga waje ana ta fatiha, ana tashi, wasu na zama.

Da ta gama, ta kwance bakin zanenta ta ciro gwangwanin. Saura kwalba ɗaya a ciki, ko buɗe ta ba a yi ba. Ta goge shi, ta ajiye a ƙofa. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da turmin, tana jin ƙanƙarar sama tana ɗiga cikin baho.