Ƙarfe a Bencin Mama Odessa

Zagaye na uku ke nan Loretta ke yi wa ɗan tafkin Lambun Halsey da akori-kurar hukumar lambuna, ƙarfen da ke bayan motar yana ta ƙara duk sanda taya ta faɗa rami. Irinsa goma sha tara suka ɗaura a bencinan lambun tun Litinin, ita da abokin aikinta Ignacio. Saura ɗaya, kuma shi ne ya hana ta taka birki.

"Loretta, mai fa muke ƙonawa," in ji Ignacio yana hamma. "Agwagin nan ma sun haddace lambar motarmu."

"In ka gaji ka sauka ka taka da ƙafa."

"Ni ban gaji ba. Ke ce dai tun safe kike tauna leɓe kamar an aiko ki kashe mutum."

Takardar da ofis ya turo ta kira abin da sunan madafar hannu, wai don tsofaffi su ji daɗin tashi. To, wane tsoho ne ke neman madafa a tsakiyar benci? Kowa a Lambun Halsey ya san amfaninsa, a raba benci gida biyu don kada wani ya miƙe ƙafa a kai. Ranar Asabar ake bikin tsuntsaye, shi ya sa ake gaggawar aikin. Duk watan Mayu ƙananan tsuntsaye kan sauka a nan su huta kafin su haye tafkin Erie, baƙi kuma su cika lambun da madubin hangen nesa a wuya. Tsuntsun da bai fi babban yatsa ba an kafa masa akwati arba'in a jikin itatuwa, har da rufin kare ruwan sama, kuma Loretta ce ta buga su da hannunta.

Benci na ashirin yana gindin babbar bishiyar bakin ruwa. A garin nan, in mutum ya rasa nasa, yakan sa benci a lambu da sunan mamacin. Mutanen coci ne suka haɗa hannu suka yi wannan, aka manna ɗan allon tagulla a jikinsa: Odessa Pruitt, wadda ba ta taɓa rufe ƙofarta ba. Mahaifiyar Loretta ce. A kan bencin nan kuma ƙaninta Wendell yake kwana, shekara biyu ke nan.

Da can maƙeri ne a kamfanin ƙarfe. Bayansa ya goce a wurin aiki, aka rubuta masa ƙwayoyin rage ciwo, kamfanin ya rufe, ƙwayoyin ba su bar shi ba. Sau biyu tana kai shi gidanta. A karo na biyu zoben Mama ya yi ƙafa, mijinta Curtis ya canja makulli, ita kuma ba ta hana shi ba. Har yau abin yana cin ta.

Abin da ya rage mata shi ne ƙarfe bakwai na safe. Ta zo da gahawa kofi biyu, ta hango ƙafa ta motsa a ƙarƙashin bargo, sai ta samu ta yi numfashi. In bencin ya ƙi kwantuwa, ta san inda zai nufa, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda aka fitar da gawa biyu a sanyin bara kuma aka yi mako ba a san sunayensu ba.

Jiya ta sami ogansu Dorsey a ofis, ta roƙe shi a bar guda ɗaya.

"In na bar naki, gobe kowa ya zo da nasa," ya ce, bai ɗago daga takardunsa ba. "Da yamma ran Juma'a zan zagaya da kaina. Ki yi tunanin aikinki."

Yau ce Juma'ar.

* * *

Wendell yana zaune yana ninke bargo lokacin da ta tsayar da motar. Ya rame, gemunsa ya yi fari kafin lokaci, amma idon nan na tsokana yana nan.

"Yaya, yau ba gahawa? Ko an rage miki matsayi?"

Ta miƙa masa kofin. Ta zauna, ta tashi, ta je ta gyara murfin kwandon shara da babu abin da ya same shi, ta dawo.

"Zauna mana, kina sa ni jiri," ya ce. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun Litinin nake jin ƙarar injin huda, ina lissafin bencin da kuka kai. Na Mama kika bari ƙarshe."

"Auta, akwai gado a gidan kwanan marasa galihu na titin Monroe. Na yi magana da su."

"Inda aka sace min takalmi? Na gode."

"To dawo gida. Zan shawo kan Curtis."

"Mijinki bai yi laifi ba. Ni ma da ni ne, da na canja makullin." Ya kurɓi gahawa. "Ɗauko kayan aikinki."

Ignacio ya huda katakon, yana kallon ko'ina ban da fuskokinsu, sannan ya ce zai je ya duba famfon wajen wasan yara. Loretta ta durƙusa da sifana. Noti ya faɗi cikin ciyawa, ta lalubo shi, ta ɗaura a karkace. Haushin kanta ya kama ta, ga tsoro, ga kunyar allon tagullar da ke daidai goshinta.

"Kai, Yaya, wa ya koya miki ɗaurin noti? Za ki cinye haƙoran notin. Kawo."

"Bari, Wendell."

"Kawo, na ce. In oganki ya girgiza ya ji yana motsi, ke zai kora, ba ni ba."

Ya karɓi sifanar. Ya kwance abin da ta yi, ya daidaita ƙarfen da ido ɗaya a rufe, ya ɗaure noti huɗu ɗaya bayan ɗaya. Rabon da ta gan shi yana aiki irin haka ta manta. Ya dafa ƙarfen da dukan nauyinsa, bai ko gezau ba.

"Waldar dai ta 'yan koyo ce," ya ce, "amma zai yi shekara talatin." Ya goge allon tagullar da bakin hannun rigarsa, ya saɓa bargo a kafaɗa.

"Ina za ka?"

"Gari da faɗi."

"A ina zan same ka gobe?"

"Ke dai kin cika tambaya, sak Mama." Ya ɗaga mata kofin, ya bi hanyar da ta gangara wajen layin dogo.

* * *

Asabar ta waye da rana mai kyau. Kafin bakwai wurin ajiye motoci ya cika, an kafa rumfuna, yara na zanen tsuntsaye a kan dogon tebur. Loretta ta riga ta je gadar tun da sassafe. Ta ɗaga bakin bargo uku, babu nasa, wani mutum ya ce bai san mai wannan sunan ba.

Duk da haka ƙafarta ta kawo ta gindin bishiyar, da kofi biyu a hannu. Wata dattijuwa da mijinta suna zaune a bencin, ƙarfen a tsakaninsu, kowa da madubinsa a ido. Matar ta hango rigar aikin Loretta, ta yafito ta da murna.

"Baiwar Allah, zo ki gani, a hankali kada tsuntsun ya tashi. Ya shiga akwatin can. Kuna ƙoƙari wallahi, ko'ina tsaf."

Loretta ta ce ta gode. Ta tsaya a bayansu tana duban hanyar layin dogo, har kofin da ke hannunta na hagu ya huce.