Wa Zai Cire Ƙusar Turu

Har gobe in na tuna da mazan gidanmu raina ɓaci yake. Sa'idu ƙanena ne, direban kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Gaya da Dahome. Shekarar da Faransa ta sauke tutarta ya dawo daga wata tafiya ba ya magana, sai ihu da fasa tukwane. Kawu Maigari ya ce iska ce, ya sa aka danna ƙafarsa a turu bayan rumbu, ana tura masa tuwo da sanda. Da sanda fa, jama'a, ɗan da ya rufa musu ɗakuna da kwano!

Da na ji an kawo sabon ma'aikacin asibiti, Mushe Alfari, wato Malam Alfari a bakin Faransa, wanda ya koyo aikin masu taɓin hankali a Dakar, sai na je na kira shi. Ya zo hannu rabbana, ko allura babu. Na ce a raina, to, wannan kuma uban me zai tsinana?

Ya tsuguna kusa da Sa'idu, ya gaishe shi kamar mutum, sannan ya juyo gare mu.

"Ba na aiki da wanda ke turu. Inda na yi karatu, ɗan uwa ke zama da majinyaci, su ci tare, ni in zo kullum mu yi hira. Wa zai zauna?"

Kawu ya ce gonarsa ta Bengu na jiransa. Hadi, wanda Sa'idu ya koya wa tuƙi da hannunsa, ya ce yana da lodi. Tir da gemun banza! Na ce, "Ni, Hajjo."

"Mace?" in ji Kawu. "Ya shaƙe ki, ba ruwana."

"Da ma yaushe ka taɓa zama da ruwa, Kawu?"

Alfari ya miƙo mini guduma, ya ce mai zama shi ke kwancewa, don majinyaci ya san hannun wa ne. Na buga, na buga, har ƙusar ta fita. Maza suka ja da baya.

Sa'idu bai zare ƙafar ba. Ya dube ni, muryarsa a dishe.

"Mayar da ƙusar, Yaya. Gyangyaɗi na yi ina tuƙi, na taka wata mata da goyonta bayan Kandi. Ban tsaya ba."

Na ɗaga kai ina neman Alfari ya ce wani abu. Shi kuwa ya gyara zama a ƙasa, ya ce, "Muna jinka, Sa'idu."

Damina guda yaron nan yana cikin fitsarinsa da wannan abu a ransa, kuma duk gidan ba wanda ya taɓa ce masa me ya faru.