Ƙosai a Cikin Darasin Malam Zakka

"Inna, ina takardun da na sa a kwandon nan?"

Ina cikin kankare kasko na ɗago kai. Sabitu ne, autana, tsaye da kwando a hannu.

"Na ƙunshin ƙosai? Ai sun tafi tun hantsi. Yau an yi ciniki."

Saurayi ɗan shekara goma sha tara ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai. Sai a lokacin na gane na yi ɓarna.

Ni ban yi boko ba, a idona takarda takarda ce. Maƙwabcinmu Malam Zakka, mutumin kudancin Bauchi da ya yi ritaya daga gidan waya, shi ke ba ni tsofaffin jaridu ina ƙunsa ƙosai a ƙofar gidanmu a Gwallaga. Shi ne kuma ya ba Sabitu takardun darussa arba'in na ilimin tattalin arziki, waɗanda ya yi shekaru ana aiko masa daga Ingila. A sakandaren su Sabitu babu malamin wannan fanni, babu littafinsa ko ɗaya. Yaron da taurin kai irin na marigayi ubansa ya sa sunansa a jarrabawar fannin, da darussan nan kaɗai ya dogara. Da aka ba su hutun bikin 'yancin kai ya zo da su gida, ɗakinsa na yoyo, sai ya ɓoye shida na ƙarshe a kwandona. A kwandona, jama'a! Ga jarrabawa saura sati biyar.

Na ja mayafi na bi layi gida-gida ina roƙon takardar ƙosan safe. Wata ta hura wuta da tata, wani ya ce akuya ta cinye. Yara suka biyo ni da 'yan tutocinsu kore da fari suna dariya. Na dawo da guntaye uku, sun jiƙe sharkaf da mai.

Dole muka shiga wajen mai takardu. Wata biyu ke nan Malam Zakka na kwance da ciwon ƙirji. Matarsa Juliana ta tayar da shi ta jingina shi da bango. Na durƙusa na faɗa masa abin da na yi, ina jiran faɗa.

Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.

"Maman Sabitu, sau biyu na zauna jarrabawar nan, sau biyu na faɗi. Yau dai takardun sun yi wa mutane amfani."

"Baba Zakka, shida na ƙarshe ne fa," in ji Sabitu. "Ko buɗe su ban yi ba."

Tsohon ya taɓa goshinsa da yatsa. "Suna nan. Ba rashin sani ya kayar da ni ba, yaro. Da na shiga ɗakin jarrabawa na ga Bature riƙe da agogo, sai hannuna ya ƙi rubutu. Je ka ɗauko alƙalami."

Haka aka fara. Kullum bayan la'asar Sabitu ya samo izini daga makaranta, Juliana ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiyar tsakar gidansu. Malam Zakka ya lumshe ido yana zubo Turanci, Sabitu na rubutawa. In yaron ya kasa ganewa, sai in ji an ƙwala mini kira ta kan katanga.

"Maman Sabitu! In wake ya yi tsada, me kike yi?"

"Rage girman ƙosai mana."

"Me ya hana ki ƙara kuɗi?"

"In ƙara su koma wajen Sauda mai waina? Kai ma dai, Malam!"

"Rubuta, Sabitu! Abin da Bature ya cika shafi huɗu yana faɗa ke nan. Uwarka ta sani, ta kuma cinye mana littafin."

Wallahi har daɗi nake ji. Shekara ashirin ina gaban kasko, ban taɓa sanin abin da nake yi yana da suna a Ingila ba.

Ana cikin darasi na huɗu daga shidan nan Juliana ta tare ni a bakin rijiya. Ta buɗe mini wani tsumma da Malam ke tari a ciki. Jini ne a jiki.

"Likita ya ce ya rage magana," ta ce. "Ni na faɗa na gaji, Fatu. Ko ke zai ji."

Na ajiye guga na shiga kai tsaye.

"Malam, a bar karatun nan haka. Ni na yi ɓarna, ba zan ƙara da ɗaukar alhakinka ba. In yaro ya faɗi, ya sake baɗi."

Ya dube ni. Idanunsa sun faɗa, amma tsokanar na nan.

"Baɗi? Ni ma haka na ce, Maman Sabitu, har na tsufa. Ko na yi shiru ciwon nan ba fasawa zai yi ba. Ki bar ni in zauna jarrabawar nan karo na uku. Wannan karon da hannun Sabitu zan rubuta, shi nasa ba ya rawa."

Na fito ina share hawaye da bakin mayafi.

Muryarsa ta yi ta raguwa, har sai Sabitu ya kara kunne kusa da bakinsa. Suka gama na biyar. Suka shiga na shida, wanda ke bayanin ciniki tsakanin ƙasashe, dalilin da gyaɗarmu da audugarmu ke fita, atamfa ke shigowa. Ran Laraba suka kai rabi, ya ɗaga hannu.

"Gobe mu ƙarasa."

Ran Alhamis da sassafe, na ɗora mai a wuta ke nan, na ji kukan Juliana. Na sauke kaskon. Ƙullun ranar kaji suka ci.

Mutanen cocinsu suka zo suka yi masa waƙoƙi, aka kai shi makwancinsa. Mu kuma 'yan unguwa muka cika gidan da zaman makoki. Sabitu ya zauna a gindin dalbejiya da littafin rubutunsa a cinya, a buɗe daidai inda alƙalami ya tsaya. Ko kuka bai yi ba. Wannan ya fi kukan ciwo a raina.

A rana ta biyu Bakari wanzami ya shigo. Ya yi wa Juliana gaisuwa, sannan ya zaro wata takarda daga zabirarsa, a ninke, duk tabon mai.

"Asakena na naɗe a ciki," ya ce. "Ran da na zo duba marigayi ya ce in bincika. Na yi ta mantawa, Allah ya yafe mini."

Ashe duk wanda ya zo dubiya sai ya roƙe shi haka, mu ba mu sani ba. Kafin azahar Baffa tela ya kawo biyu da ya yanka samfurin wuyan riga da gefensu. Maƙwabciyarmu Habibatu ta ciro wadda ta toshe kwalbar man gyaɗa da ita. Har Sauda mai waina, da ba ma ga maciji da juna, ta zo da ɗaya tana sunkuyar da kai, wai ita ma ƙosaina take aika a sayo mata. Guda goma sha ɗaya aka tara.

Sabitu ya baje su a tabarmar tsohon, ya danne kowace da dutse. Mai ya sa sun yi shara-shara, rubutun baya na leƙowa ta gaba. Ya yi ta gwada su da abin da ya rubuta. Can ya ɗago, idonsa jawur.

"Inna, ko kalma ɗaya bai kuskure ba."

Huɗu daga ciki na darasi na shida ne. Ba su cika ba, amma sun ɗauko daga kusa da inda aka tsaya. Ya gyara zama ya ci gaba da kwafa, mu muna karɓar gaisuwa a gefensa.

Sakamako bai fito ba sai da zafi ya shigo. A ranar Juliana na ɗaure kaya, 'yan'uwanta sun zo za su mayar da ita ƙauye. Sabitu ya shigo da gudu, ko sallama babu, ya durƙusa ya miƙa mata takardar kafin ma ya nuna mini. Ban ji haushi ba.

"Karanta mini, ɗana."

"An ci, Mama. Da kyau aka ci."

Ta kwance ɗaurin da ta riga ta gama, ta fito da ƙaramin akwatin ƙarfe na Malam Zakka. A ciki akwai tabaraunsa, da wasu takardu biyu da suka yi ruwan ƙasa don tsufa, sakamakonsa na farko da na biyu. Ta shafa ta Sabitu da tafin hannu har ta miƙe, ta ɗora ta a kansu, ta ajiye tabaraun a sama. Sannan ta rufe akwatin a hankali.